Benen Da Yaya Zai Ɗora Mana

"Ni zai koya wa gini? Ni?"

Muryar Yaya ce ta cika falon Umma har ta fito tsakar gida, inda Auta take durƙushe tana cuɗa wa 'yarta Nana ƙafa a cikin baho. Tun da ta ji yadda ya buga murfin motarsa ta san yau babu zaman lafiya.

"Mama, faɗa Kawu yake yi?"

"Ba faɗa ba ne, haka muryarsa take. Ɗago ɗaya ƙafar."

"Auta! Ke Auta!"

Ta naɗe yarinyar a tawul, ta saɓa ta a kafaɗa ta shiga. Umma na zaune a kujerarta ta rafka tagumi. Yaya kuwa ya kasa zama, sai kai da komowa yake, hularsa a hannu yana fifita da ita.

"Ga ni, Yaya."

"Kin ji abin da Malam Ƙa'idarki ya yi mini yau?"

Malam Ƙa'ida shi ne sunan da Yaya ya laƙaba wa Injiniya, mutumin da aka riga aka tsayar wa ranar aurensa da Auta. Da a cikin raha yake faɗar sunan. Yau babu rahar.

Gidan nan marigayi Baba ne ya gina shi, hawan ƙasa kaɗai, babu bene. Bayan rasuwarsa Yaya ya ɗora hawa ɗaya ya koma can da iyalinsa, ya bar Umma a ƙasa. Da mijin Auta ya rasu, shi ya je da kansa ya kwaso ta da jaririyarta ya dawo da su ɗakin da ke kusa da na Umma. Bai taɓa yi mata gori ba, ko da wasa. Yanzu da za ta sake aure, sai ya rantse ba za ta kuma yin nisa ba: zai ƙara wani hawan a saman nasa, ita da angonta su zauna kyauta, Nana ta riƙa saukowa wajen kakarta. Har an jibge bulo da yashi a saman.

"Na kira shi cikin mutunci," in ji Yaya. "Na ce ga zanen gini, buga mini hatiminka na injiniya in kai wa hukuma su ba ni izini. Abin da bai fi a ɗaga hannu a sauke ba. Umma, sai mutumin nan ya naɗe hannun riga ya ce a ba shi diga! Ya tone mini gindin katanga kamar wanda ya binne wani abu a wurin. Ya koma ya fasa jikin fila, ginshiƙin da ke riƙe da ginin, yana leƙen rodi. Da ya gama ɓata mini gida, sai ya karkaɗe hannu ya ce wai harsashin ba zai ɗauka ba."

"Ikon Allah," Umma ta ce. "Kyautar ake ba shi, yake tone-tone?"

"A gaban leburorina, Umma! Ni da na tsufa a sayar da siminti da rodi. Rabin gidajen unguwar nan daga shagona kayansu suka fito. Yaron da ko buhu bai taɓa ɗauka ba."

Auta ta sauke Nana ta fara sa mata riga, don ta samu inda za ta ajiye idonta.

"Yaya, wataƙila ba haka yake nufi ba."

"Au, kin fara? To bari ki ji. Mutumin da ya raina hannuna ba zan damƙa masa ƙanwata da hannun nan ba. Hatimi ya zo, aure ya zo. Babu hatimi, ya je ya auri digarsa."

"Umma, ki sa baki mana."

"Me zan ce? Yayanki ya yi miki abin da ko uba sai haka. Ki lallashi yaron nan ya daina taurin kai. Wane irin suruki ne tun bai shigo ba ya fara da rusau?"

*

Da la'asar Injiniya ya zo. Ta same shi a ƙofar gida, bai ma zauna a kan bencin ba, ya ɗaga kai yana kallon bulon da aka tara a sama. Takalminsa duk jar ƙasa. A hannunsa akwai fensiran kala da ya sayo wa Nana.

"Barka da yamma, Maman Nana."

"Da wace yammar? Zauna."

Ya zauna. Ita ma ta zauna a ɗaya ƙarshen, ta harɗe hannu.

"Injiniya, don girman Allah me ya kai ka? Mutum ya ce buga hatimi, ba ka ce bari in yi tunani ba, ba ka ce ka manto shi a ofis ba, sai ka ce a ba ka diga?"

"Ban manto shi ba ai. Yana cikin jakata."

"Na sani! Cewa nake ka iya magana."

"Kafin kowace kalma sai da na ce masa ranka ya daɗe."

"Ka ce masa ranka ya daɗe, gininka zai kashe mutane. A gaban leburori."

"Shi ya tambaye ni a gabansu. Na ce mu koma gefe, ya ce in faɗa a nan, ba shi da abin ɓoyewa."

Ta ja tsaki. Abin haushin shi ne ta san haka aka yi, don ta san Yayanta.

Ya gyara zama ya sassauta murya. "Ki saurare ni. Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi harsashinsa daidai da gidan da ba bene ba, kuma aiki mai kyau ya yi. An zo an ɗora masa hawa ɗaya, yana ɗauke da shi da ƙyar. Filolin da na duba, rodin cikinsu sirara ne. Yanzu a ƙara bulo, a zuba rufin kankare, a ɗora tankin ruwa a kai. Ƙofar ɗakinku tana rufuwa lafiya?"

Tun da aka fara hawar da bulo sama sai ta sa gwiwa take tura ƙofar.

"Damina ce," ta ce. "Ƙofofi suna kumbura."

"Ƙofar ƙarfe ce, Maman Nana."

"To sai me? Kai komai sai ka ba shi amsa?"

"Bangon ne yake danne ta. Tsagar da ke saman tagar Umma ma ba ta fenti ba ce."

"To babu gyara? Shi ke nan sai dai a fasa?"

"Akwai. Na faɗa masa. A sauke kayan da ke sama tukuna. A tayar da sababbin filoli ta waje, kowacce da nata harsashin, su za su ɗauki nauyin. Zan zana masa, in tsaya a kan aikin da kaina. Sai dai zai ɗauki lokaci, ba zai kammalu kafin ranarmu ba. Na ce mu fara zama a inda nake haya. Da ya ji haka sai ya ce na raina kyautarsa."

"Ai ka raina ta ɗin, a wajensa. Ka san abin da benen nan yake nufi gare shi? Ranar da ya je ɗauko ni daga gidan marigayi mijina, a mota ya yi ta kuka kamar yaro, yana cewa da kusa nake da bai bari na sha wahalar jinyar ni kaɗai ba. Ba bene yake ginawa ba, so yake ya riƙa jin takuna a saman kansa."

"Na sani. Shi ya sa nake ganin girmansa."

"To ka buga masa mana! Ka buga, daga baya a yi gyaran a hankali. Wa zai sani?"

Ya daɗe yana juya kwalin fensiran a hannunsa.

"Hatimin nan ba na Yaya ba ne, ba ma nawa ba ne ni kaɗai. In na buga shi, ina ce wa duk wanda zai kwana a ƙarƙashin ginin ne, kwanta, na duba. Umma ba ta iya karanta zane ba. Nana ma haka. Maganata kawai za su kwanta a kai. Ki ce in yi musu ƙarya?"

Hawayen da take ta riƙewa suka zubo. Ta goge da bakin mayafi, wasu suka biyo.

"Kai dai ba ka san me na gani ba. Duk wanda ya zo wajena da maganar aure, kafin ya gama gaisuwa zai tambaya, yarinyar fa, wa za ki bar wa? Wani ya ce dangin ubanta, wani ya ce Umma ai tana nan. Kamar wata tsohuwar kujera ce da za a rasa inda za a ajiye. Kai kaɗai ne ka zo ka tambaye ni wace makaranta za mu sa ta. Mu, ka ce. Na koma ɗaki na yi ta kuka don daɗi. Yanzu kuma da hannunka za ka rushe komai saboda tawada da ɗan roba?"

"Kada ki yi kuka, don Allah."

"Zan yi! Idona ne ko naka?"

Mai babur ya wuce, ya waiwayo yana kallonsu. Ta juya baya.

"Akwai sauran magana," ya ce a hankali. "Gara ki ji daga bakina."

"Akwai wadda ta fi wannan?"

"In ya samu wani ya buga masa, ya tashi zuba kankare, dole in sanar da hukumar gine-gine. Na gani da idona, kuma akwai mutane a ciki. Aikina bai ba ni damar yin shiru ba. Na faɗa masa haka, ba a ɓoye zan yi ba."

Ta miƙe tsaye.

"Ƙarar Yayana za ka kai?"

"Aikin zan sa a tsayar. Ina fatan ba za a kai can ba. Zan ci gaba da roƙonsa."

"Innalillahi. Ni Auta na ga ta kaina. Wancan kansa dutse, wannan kansa ƙarfe, ni ce a tsakiya kuna ta daka." Ta fizgi kwalin fensiran daga hannunsa. "Kawo, ba ita ta yi maka laifi ba. Sai an jima."

*

Ba a daɗe ba Yaya ya shigo da baƙo, yana ta washe baki.

Wani injiniya ne da duk masu shagunan kayan gini suka sani da Ba-Matsala, don ba a taɓa kai masa zance ya ba da wata amsa ba. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Farar shaddarsa ko ɗigon ƙura babu, takalminsa kuwa mutum zai iya duba fuskarsa a ciki.

A kan murfin mota ya shimfiɗa zanen. Ya ɗaga kai ya dubi gidan sau ɗaya, ya hura wa hatiminsa iska, ya danna.

"Shi ke nan?" in ji Yaya.

"Shi ke nan, babban yaya. Ba matsala."

"Umma, kin gani ko? Ga masu ilimin gaske, ba masu diga ba."

Auta na bakin ƙofa da keken ɗinkinta, tana haɗa wa Nana rigar makaranta. Yaya ya yafito ta.

"Zo ku gaisa. Ya daɗe yana yi mini maganarki, ni ne nake ce masa an riga shi. Yanzu kuwa ban sani ba."

Ba-Matsala ya gyara hula. "Ranki ya daɗe, ashe abin da ake faɗa kaɗan ne. Ni ai in aka ba ni saman nan, ko tsani aka kafa mini zan hau."

"Sannu da zuwa," ta ce. "Ba za ka hau ka duba ba?"

"Idona ma'auni ne, ranki ya daɗe."

"Ƙofar ɗakinmu ta daina rufuwa."

"Ba matsala. A kira mai walda ya ɗan rage ta."

"Akwai tsaga a saman tagar Umma."

"A shafe da siminti a bi da fenti. Gini ai kamar mutum ne, yana miƙa."

Nana ta fito da gudu da takardar da ta yi wa kala, ta riƙe ƙafar uwarta. Ba-Matsala ya ɗan ja shaddarsa gefe kada fensir ya taɓa.

"A'a, 'yar wa ye wannan kyakkyawa?"

"Tawa ce."

"Masha Allah. Ai ga kaka a ƙasa, ba matsala. Yara sun fi sakewa wajen tsofaffi."

Auta ta dube shi daga hula har takalmi, ta ɗauki 'yarta ta koma kan kekenta. Ta taka shi da ƙarfin da sai da allura ta karye.

Yaya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Sai mako mai zuwa za mu zuba kankare. Wanda yake da wanda zai kai wa labari, ya kai."

*

Washegari da sassafe rugugin inji ya tashe ta.

Ta leƙa ta taga. Injin kwaɓa kankare ne a ƙofar gida, ga motar tsakuwa tana juyewa, ga leburori sun yi layi a matattakala, kowa da buhun siminti a ka. Yaya na tsaye a tsakiya yana ba da umarni.

Ashe zancen mako mai zuwa don ya kai kunnen Injiniya Yaya ya yi shi. Yau za a zuba. In kankare ya bushe, sai dai a yi ta surutu.

Ta fito tsakar gida ta ɗora ruwan wanka. Duk buhun da aka sauke a sama sai ta ji dum a ƙirjinta. Ta ce wa kanta ba ruwanta. Ta ce gidaje nawa aka yi wa haka suna nan tsaye. Ta ce in ta yi shiru yau kaɗai, gobe Yaya ya huce, ya ce ai ga shi bai faɗi ba, a yi dariya, a ɗaura aure. Injiniya ba zai ga laifinta ba, tunda bai san ta sani ba.

"Mama! Mama, buɗe!"

Ta yar da bokitin. Ɗazu ta bar Nana tana barci, ta jawo ƙofar don ƙarar inji. Yanzu ta murɗa, ta tura da gwiwa kamar kullum, ƙofar ko motsi.

"Nana, matsa baya, ina zuwa!"

"Mama, ƙasa tana zubo mini!"

Duk uwar da ta taɓa jin muryar ɗanta ta bayan ƙofar da ta ƙi buɗuwa ta san abin da Auta ta ji. Ta ja da baya ta daki ƙofar da kafaɗa. Ta sake. Umma ta fito da carbi a hannu, ɗankwali a karkace, ta sa nata ƙarfin. Sai da suka haɗu su biyu ƙarfen ya yi ƙara ya saki.

Nana na tsaye a tsakiyar ɗaki, gashinta fari fat da garin filasta. A kan filon da ta tashi daga kai akwai ɓallin siminti kamar tafin hannu. Daga kusurwar silin tsaga ta sauko har bayan madubi, wadda jiya babu ita.

Auta ta sure ta, ta shafa kanta, ta duba bayan kunne, ta duba wuya, ta ɗaga riga. Babu jini. Ta fito da ita can ƙarshen tsakar gida inda babu rufi, ta zaunar da ita a kan turmi.

"Kada ki motsa daga nan. Kin ji ni? Ko Kawu ne ya kira ki."

Ta ciro waya daga aljihun zaninta. Ta ɗago, suka haɗa ido da Umma.

Umma ta dubi wayar, ta dubi jikarta. Sai ta juya ta fara kakkaɓe wa yarinyar gashi, kamar ba ta ga komai ba.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Maman Nana? Lafiya?"

"Yau ne. Sun fara hawar da siminti, inji na ƙofar gida."

"Ku fita daga ɗakunan yanzu. Ke da Umma da Nana, da iyalin Yaya na sama. Kowa ya fito fili." Ya ɗan tsaya. "Kin san abin da zan yi in na ajiye wayar nan. Kin san kuma abin da zai biyo baya."

"Na sani. Ka daina yi mini bayani, ka yi sauri."

*

Kwaɓin farko ke nan ana shirin ɗauka motar hukuma ta tsaya. Mutum biyu suka fito da hular kwano, Injiniya na biye da su a kan babur. Suka shiga suka ga tsagar, suka leƙa ramin gindin katanga, suka hau sama suka sauko. Babbansu ya sa aka kashe inji, ya ce a fara sauke buhunan da bulon a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi zanen ya daɗe yana kallon hatimin da ke kai, ya ce mai shi zai zo ya yi musu bayani. Ɗayan ya ɗauko jan fenti ya yi wa katangar gidan Baba babban gicciye, alamar an tsayar da aiki.

Yaya ya kira Ba-Matsala. Waya a kashe. Ya sake kira. A kashe.

Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko. Injiniya ya matso zai yi magana, Yaya ya nuna masa titi da yatsa, ko kallonsa bai yi ba. Ya koma tsallaken hanya ya tsaya kusa da babur ɗinsa.

A tsakar gida aka taru, don an hana kowa shiga ɗaki. Idon Yaya ya kaɗa ya yi ja.

"Wa ya faɗa masa yau ne? Ko matata ba ta sani ba. Cikin leburorin nan ne, wallahi sai na gano ko wane ne."

"Ba ruwan leburori, Yaya. Ni ce."

Ya juyo a hankali.

"Ke?"

"Ni na kira shi."

"Auta. Ni kika tona wa asiri a unguwar da aka haife ni? Jan fenti a gidan ubanmu? Don wa nake wannan wahalar? Don wa?" Muryarsa ta karye. "Namiji ya fi miki ni ke nan."

"Wane namiji? Yaya, wallahi da don ta shi ne da na yi shiru, don shirun ne zai ba ni shi. Na san ina kiran nan na kashe aurena. Zo ka gani." Ta jawo Nana ta tsayar a gabansa, ta buɗe gashin yarinyar inda garin ya maƙale. "Dubi kanta. A kan filonta ya faɗo. Da ba ta tashi fitsari ba fa? Ni na gaji! Kai kana so in zauna kusa da kai, shi yana so ya kare aikinsa, kowa yana da gaskiya, kowa yana sona, ni kuwa ɗiya ɗaya gare ni. Ita kaɗai marigayi ya bar mini. In ka ga dama ka fasa auren, in ka ga dama ka kore ni. Amma ba za ta ƙara kwana a ƙarƙashin buhunan nan ba."

Nana ta ɗaga kai. "Kawu, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Na yi ta kira."

Yaya ya dubi yarinyar. Ya kau da kai, ya share fuska da hularsa.

"An fasa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ni ne mai bayarwa, na ce an fasa."

Auta ta runtse ido. Ta san za a yi haka, amma sanin bai rage komai ba.

"Ka gama?"

Umma ce. Tun ɗazu tana zaune a kan tabarma.

"Umma..."

"Na ce ka gama? Da kafaɗata na buɗe ƙofar nan, har yanzu zafi take mini. Kai ne mai bayarwa, amma ban tuna ranar da ka yi naƙudarta ba. Na bi bayanka don na ga alheri ka nufa, kuma har gobe alheri ka nufa. Sai dai yau na ga abin da na gani. Auta, je ki ce wa yaron nan ya shigo ya faɗa mini yadda za a tallafi gidan mijina. Kai kuma zauna ka ji."

Yaya ya zaro makullin motarsa.

"Umma, in ya tako ƙofar gidan nan, ni na fita ke nan."

"To ka bi ta ƙofar baya, kada ku yi karo."

Auta ta gyara mayafinta, ta kama hannun Nana. Ta ratsa ta tsakanin leburorin da ke saukowa da buhuna, kunnenta duk yana baya. Ƙofar bayan nan tsohuwa ce, in aka taɓa ta har maƙwabta sai sun ji kukanta.

Har ta kai bakin titi, ta ɗaga wa Injiniya hannu, ba ta ji an taɓa ta ba.